Lambobin Manjo da Farin Inna

A gidanmu na Gezawa, da an tsince auduga an shigo da ita gida, ɗakin Inna yakan koma ɗakin kowa. Inna kakata ce ta wajen uba. Ana idar da sallar isha'i za ta sa a shigo mata da kaskon wuta, ta zauna a kan buzu ta miƙe ƙafa ɗaya, ta jawo taskira da mazari. Mu kuma jikoki mu kewaye garwashin, kowa da 'yar gyaɗarsa, muna cusawa cikin toka muna jira ta gasu. Inna ba ta iya ba da labari hannu sake ba. Sai ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, zare ya fara fita, sannan bakinta ya buɗe. In zare ya tsinke labari ya tsaya, kuma duk wanda ya yi gaggawar cewa "Inna, sai me?" kafin ta ƙulla, shi zai kwashe toka da safe. Ni na fi kowa kwashe tokar nan, don tun ina ƙarama bakina ba ya jira.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo yawancinsu sun zube min a hanya. Wanda ya zauna shi ne labarin Manjo, kuma shi ba tatsuniya ba ne. Ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya, ba ta jira mu amsa. Sai dai ta ɗaga mazari, ta ciro wani ƙarfe mai kama da tsohon kwabo daga cikin taskira, ta haska shi a wuta. Lambar soja ce, da kan Sarkin Ingila a jiki. A kanta take ɗora tsinin mazari don ya yi juyi da kyau, har tsinin ya yi wa sarkin rami a daidai hanci.

"Kun ga wannan?" in ji ta. "Kakanku ke nan, abin da aka dawo min da shi. Shi sarkin ya ci min miji, ni kuma ina nan ina cin hancinsa a hankali."

Sunan kakanmu Mamman, amma a bakin babana na ji, don Inna har ta mutu ba ta kama sunan ba. Ya tafi soja ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya bar ta da cikin babana. A can aka haɗa shi da wani Baturen hafsa, shi ke ɗaukar masa kaya, ya wanke masa kaki, ya dafa masa shayi. Yaƙi ya ƙare, 'yan garinmu da suka tafi suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da surutu shi kaɗai. Kakanmu bai dawo ba. Suka ce ya rasu, Inna ta yi takaba. Amma duk wanda ta aika a tambaya wa ya yi masa wanka, da me aka lulluɓe shi, ina aka fuskantar da shi, sai ya ce shi ba ya wurin.

Shi ne ta ware audugar shekarar nan ba ta sayar ba. Ta gurza, ta shiɓa, ta kaɗa zare siriri irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta kai wa masaƙi ya saƙa mata fari. Ta ɗinke shi likkafani da hannunta, ta turara, ta naɗe ta sa a ƙasan adaka. Matan gida suka yi ta yi da ita, wai an ga mai ɗinka wa wanda ya riga ya tafi. Ta ce su bar ta, ba a san wanda zai bi ta can ba.

Babana ya fara gudu da ƙafarsa ranar da mota ta tsaya a ƙofar dagaci, aka ce wani Bature yana neman matar Mamman. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ba shi kujera, Inna ta zauna daga bakin ƙofar ciki ta juyar da fuska. A nan ne muke gyara zama, don nan ne daɗin labarin. Inna takan ajiye mazari ta kwaikwayi tafiyarsa daga zaune, kafaɗa ɗaya na faɗuwa saboda ɗingishi, tana cewa "kacau, kacau," wai haka ƙarafan ƙirjinsa ke yi. A lokacin ya zama Manjo. Yana jin Hausar fareti, wadda ta isa a ce wa mutum tsaya ko juya, amma ba ta isa gaisuwar mutuwa ba. Don haka ya zo da tafinta, wani tsohon soja mai suna Saje Ilu, wanda shi ma ya yi Bama tare da su.

Manjo ya cire hula ya shiga bayanin lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. Inna takan dangwala yatsanta mai alli a ƙirjinta, kowace lamba ɗigo ɗaya, har rigarta ta yi jerin fararen ɗigo. Wannan ta yaƙin Habasha ce, inda suka yi ta bin abokan gaba a mota har tayoyi suka ƙare. Wannan tauraron na Bama ne, duk wanda ya shiga dajin ya samu. Wannan kuwa mai kama da gicciye, mai ƙyalle fari da ratsin shunayya a tsakiya, ita ce babba, ba kowa ake ba wa ba. An ba shi ne saboda wani kogi. Shi da 'yan mutane kaɗan suka tsare mashigin har sauran rundunar suka haye, harsashi ya same shi a cinya, ya kasa tashi. Kakanmu ya goya shi ya ratsa ruwan da shi, ya ajiye shi a ɗaya gaɓar, sannan ya koma ɗauko akwatin Manjo da aka bari. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa.

"Wai taswira ce a akwatin," in ji Inna. "Ni dai na san har da butar shayi, don kakanku ba ya barin kayan mutane a baya."

Manjo ya ce rabin babbar lambar ta kakanmu ce. Bai dai raba ta ba. Ya ciro wannan zagayayyiyar daga aljihu ya ba Saje ya miƙa mata. Idonsa ya yi ja, hancinsa ma ya yi ja, yana ta share su da hankici. Inna kullum sai ta tsaya a nan ta ce mana ita ba ta taɓa cewa mugu ne ba. Mutum ya taso tun daga Kaduna da gurguwar ƙafa don ya gaishe ta, wasu 'yan uwan na jini ma ba su yi haka ba.

Da Manjo ya gama Inna ta ce, "Saje, tambayar min shi, wa ya yi masa wanka?"

Saje ya dubi ƙasa. Ya faɗa wa Manjo wata 'yar gajeriyar magana, Manjo ya ba da doguwar amsa.

"Ya ce jarumi ne," in ji Saje.

"Ba ita na tambaya ba."

Sai ta tashi ta shiga ciki, ta buɗe adaka, ta fito da farin ta ajiye a gaban Saje. A zatonta Bama wani gari ne can gaba da Ikko, kuma mai mota irin wannan ba zai rasa komawa ba. Ta ce, "Gaya masa likkafani ne. In ya koma, ko a kan kabarin ne a shimfiɗa masa, a danne da duwatsu kada iska ta ɗauke."

Saje ya juya wajen Manjo ya yi Turancinsa. Fuskar Manjo ta washe. Ya karɓi farin hannu biyu, ya shafa saƙar, ya rungume shi a kan lambobinsa, ya miƙe ya sara mata.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya karɓa."

"Zai kai?"

"Ya karɓa, 'yar uwa."

Sai da sallah ta zagayo wani ɗan garinmu da ke aikin kuku a gidajen Turawa a Kaduna ya zo gida. Ya shigo gaishe da Inna da murnarsa, ya ce albishirinta, farinta yana kan teburin Manjo. A kai yake shan shayi safe da yamma, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce kyautar matar wanda ya ceci ransa ce. Ba ya barin kowa ya wanke sai shi kukun. Da Manjo ya tashi komawa ƙasarsu, da shi ya tafi.

Mu a nan muke fashewa da dariya. Bature yana shan shayi a kan likkafani! Yayana har kwanciya yake yana buga ƙafa, gyaɗa na ƙonewa a toka ba mai kula. Inna ma takan yi dariya tare da mu, wata gajeriya ta hanci, bakinta a rufe. Sauran tatsuniyoyi tana rufe su yadda kowa ke rufewa. Wannan kuwa sai ta tura toka a kan garwashi ta ce, "Ku tashi. Nan ya tsaya, don ni ma nan aka tsayar da ni."

Kowa a gidan da abin da ya ce labarin ke koyarwa. Mahaifiyata ta ce haƙuri. Babana ya ce Bature bai san darajar komai ba sai nasa. Ni da na shiga makaranta sai na yanke nawa hukuncin: laifin rashin ilimi ne. Da Inna ta iya Turanci, da ba wani Saje da zai tsaya tsakaninta da amsarta. Da wannan fushin na yi karatu har jami'a, na rantse ba mai yi min tafinta a duniya.

Aure ya kawo ni Kuala Lumpur. Mijina, Abban Ilham, malamin jami'a ne da gwamnati ta turo ya yi digirin digirgir, muka kama haya a wani bene a Wangsa Maju, inda jirgin ƙasa ke wucewa ta saitin tagar kicin ɗinmu. 'Yarmu Ilham a nan ta yi wayo, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci ko Malayanci. Da na ba shi labarin Manjo, sai ya buɗe taswira a waya ya nuna min. Ashe Bama ga ta nan kusa da mu, ta fi gida kusa nesa ba kusa ba. Ya yi min alkawari in ya gama za mu je mu duba maƙabartun sojoji, ko za mu ga sunan kakanmu. In muka je kasuwa muka ga 'yan Bama masu gyaran kifi, sai ya zungure ni ya ce, "Ga maƙwabtan kakanki, ki gaishe su mana."

Shi ma yana da nasa farin. Haramin da ya yi umara da shi ne, ya jiƙa shi da zamzam ya shanya, ya taho da shi har nan a cikin akwati a saman kabad. Yakan ce ita ce rigarsa ta ƙarshe, duk inda ta same shi. Ni kuma in ce ya daina yi min wannan maganar a ƙasar mutane.

A shekara ta biyu ta annoba, lokacin da aka sake kulle gari, cutar ta shigo gidanmu. Ni da Ilham ta taɓa mu sama-sama, aka ɗaura min abin hannu mai ruwan hoda na masu zaman killace, aka ce ko ƙofar bene kada in taka. Shi kuwa numfashi ya gagare shi. Da motar asibiti ta zo da ƙafarsa ya fita, da silifas ɗin wanka. Daga bakin lif ya juyo ya ce, "Maman Ilham, ki yi min saving ɗin chapter ɗin nan kafin ki rufe laptop." Maganar da ya yi min ke nan ta ƙarshe ido da ido. Da farko yana turo saƙo, daga baya saƙon ya gajarce, daga baya ya tsaya.

Da hantsi aka kira ni, ina soya wa Ilham ƙwai. Wata likita ce mai taushin murya. Da Turanci ta gaya min, kuma na ji kowace kalma, ba wanda ya tsaya a tsakaninmu. Na kashe wuta. Ban yi kuka ba tukuna. Na jawo kujera na hau, na sauko da akwati, na ciro haramin. Na sake naɗe shi yadda nake naɗe zannuwana, gefe a ciki, na cusa ɗan ƙullin turaren wuta a tsakiya, na sa a leda. Sannan na kira Malam Bashir, dattijon ɗalibai da ke zaune a Sri Petaling, wanda duk rasuwar da aka yi a cikinmu shi ke tsayawa.

Sai da ya nemi izinin 'yan sanda kafin ya ratsa shingayen hanya. Na ajiye ledar a waje na rufe ƙofar ƙarfe, ya tsaya daga nesa da takunkumi biyu a fuska.

"Malam Bashir, don Allah a sa masa wannan."

"Maman Ilham, kin san SOP ɗin nan, dokar annoba. Ko mu ba sa bari mu matsa."

"Na sani. Ka dai kai."

Ya ɗauka. Da la'asar ya kira ni. An yi masa salla, an binne shi. Mutanen asibiti ne cikin fararen kayan roba suka yi komai, taimama aka yi masa ta saman jakar da aka rufe shi a ciki, su Malam Bashir suna can bayan igiya suna hango.

"An sa masa?" na ce.

"Sun karɓa, Maman Ilham. Mai gadin ma har cewa ya yi boleh, boleh, wai ba matsala."

"Malam Bashir, an sa masa?"

"Sun karɓa."

Wallahi a tsaye nake a falon bene a Wangsa Maju, amma ƙaurin gyaɗa a toka na ji. Ban sake tambaya ba. Na yi masa godiya, na ce Allah ya ba da lada, na ajiye waya, sannan kukan ya zo.

Ina cikin takaba sashensu na jami'a suka shirya taron tunawa da shi ta intanet. Farfesan da ke duba aikinsa, wani dattijo mai kirki, ya yi ta lissafa abin da ya yi: takardun da ya wallafa, taron da ya je, lambar zinariya da ya ci a baje kolin bincike. Ya ce za a ba shi digirinsa duk da bai tsaya kare shi ba. Ya cire tabarau ya share ido. Ni ina zaune da hijabi, na kashe kyamara, tambaya ɗaya ce a bakina, kuma na san ba shi da amsarta. Ba zan taɓa cewa mugu ne ba.

Aka aiko da takardar digiri cikin kwali mai kyau, da lambar da igiyarta. Ba a jima ba kayan asibiti ma suka zo cikin jaka a liƙe: wayarsa, tabaransa, silifas ɗin nan. A ƙasa ga ledata. Haramin yana nan yadda na naɗe shi, gefe a ciki, ƙullin turaren yana tsakiya ba wanda ya taɓa.

Na zauna da shi a cinya har aka kira magariba. Ban ga wanda zan kama da laifi ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Mutanen asibiti doka suka bi, suna binne mutane fiye da yadda hannuwansu ke iyawa. Malam Bashir tausayina ya ji. Sai a ranar na yafe wa Saje Ilu, wanda na yi shekaru ina jin haushinsa. Shi ya ga kogin, ya san babu kabarin da za a shimfiɗa wa komai, ya rasa bakin faɗa wa yarinya mai goyo. Kuma na gane Inna ta sani tun a zauren, tun "ya karɓa" ta biyu. Kuku bai kawo mata sabon labari ba, inda farin ya sauka kawai ya gaya mata.

Hukuncin da na yanke ina yarinya kuwa ya tashi a banza. Na yi karatun, na iya Turancin, na yi magana da likita baki da baki, kuma inda aka tsayar da Inna nan aka tsayar da ni. Yanzu ba na jin labarin yana koyar da komai. Ina jin tana ba mu shi ne duk shekara don ba ta da inda za ta ajiye shi, mu kuma muna da kunne da dariya. Takardar zamanmu a kan karatunsa take, tana ƙarewa za mu tattara mu koma gida mu bar shi a nan. Maza biyu ke nan gidanmu ya bari a wannan gefen duniya, ba wanda a cikinsu ya tafi da farin da aka tanada masa.

Ban mayar da haramin saman kabad ba, a gefen gado na bar shi. Rannan na idar da sallar la'asar na fito falo, sai na tarar Ilham ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta gyara gefunansa tsaf. Ta jera kofunan wasanta na roba a kai, da 'yar buta, ta zaunar da 'yar tsanarta a gefe ɗaya ta rataya mata lambar zinariyar a wuya.

"Mama, jom minum teh," in ji ta da Malayanci, wato zo mu sha shayi. "Tawul ɗin Abba so soft."

Na buɗe baki in yi mata tsawa. Abin da ya fito wata gajeriyar dariya ce ta hanci, wadda rabona da jin ta tun ɗakin Inna.

Ilham ta tsaya da buta a hannu tana dubana. "Mama, why you laugh like that?"

Na ce babu komai. Na zauna a bakin farin na miƙa mata kofi, ta zuba min shayin da babu shi, na sha.